Hotunan Japan na Baba Hambali

"Ba nan ba ne! Wa ya kawo ni nan?"

Hansai tana bakin ƙofa da kwanon kunu a hannu ta jiyo muryar Baba Hambali. Ko sallama ba ta yi ba, ta tura ƙofar da kafaɗa ta faɗa ciki. Tsohon yana kan gado an jingina shi da matasai uku, hannunsa na hagu, wanda shi kaɗai ya rage mai motsi, yana ture wata takarda da 'yarsa Ramatu ta kara masa a fuska. Hawaye har cikin gemu.

"Ke, me kika yi masa?"

Ramatu ta amsa da Turanci, don ita haihuwar London ce, Hausarta ba ta wuce gaisuwa da "zo ki ci abinci" ba. Ta ce, "Anti, na can ƙasan na zaro, na ƙarshen. Cewa na yi ko in ya gani zai faɗi sunan garin, kowa ya huta."

"To, ai ga shi nan kowa ya huta," in ji Hansai. Ta dire kunun, ta karɓe takardar ta mayar ƙasan 'yan uwanta a cikin akwatin ƙarfen da ke gefen gado, sannan ta zauna ta riƙe hannun tsohon. "Yi haƙuri, Baba. Ɓatan kai aka yi. Gobe ma koma inda muka tsaya."

Ina! Inda suka tsaya bai samu ba. Washegari da ta ɗauko masa hoto na biyar, kallonsa kawai ya yi kamar bai taɓa ganinsa ba. Dole aka koma na farko, kwana huɗu suka tafi a banza.

Shekara tara ke nan Hansai da mijinta Maharazu suna ƙofa da ƙofa da Baba Hambali, a hawa na biyu na wani benen council, gidajen hayar gwamnati, a unguwar Plumstead da ke London. Ranar da suka tare, tana fama da buhun shinkafa a matakala tana yi masa mita da Hausa, sai ta ji an ce a bayanta, "Sannu, 'yar nan. Shinkafar ba ta yi miki laifin komai ba." Saura kaɗan ta gangaro. Ta waiwaya ta ga dogon tsoho baƙi siriri, da kwat da hular ulu, yana mata dariya. Tun daga ranar ya zama Baba. Duk abin da ta dafa da kwanonsa, shi kuma duk abin da ya lalace a flat ɗinsu, daga famfo har ƙyauren taga, sai ya zo da 'yar jakar kayan aikinsa ya gyara yana faɗan cewa mijinta mai haɗa magani ne kawai, ko ƙusa bai iya bugawa ba.

Labarinsa kowa ya san gutsurensa. Yana saurayi ya bar gida a ƙafa shi da mahaifinsa za su aikin hajji, da alkawarin shekara biyu. Uban ya rasu a hanya, shi kuma bai ga Makka ba sai bayan shekara goma sha biyu. Daga can kunyar komawa hannu rabbana ta sa ya shiga jirgin ruwa yana zuba wa inji kwal, ya zaga duniya, ya ƙare a London ya auri wata Baturiya mai kirki wadda ta rasu tun Ramatu tana makaranta. Amma sunan garinsu, wannan kam babu wanda ya taɓa ji. In ka tambaye shi sai ya kaɗa hannu ta bayan kafaɗa ya ce, "Can baya." Fasfo ɗinsa Kano aka rubuta, wai don Baturen da ya cika takardar Kano kaɗai ya sani.

Akwatin ƙarfen nan kuwa, hotuna ne a ciki guda talatin da ɗaya, da ya saya a wani ɗan shago lokacin da jirginsu ya yi wata guda a Japan ana gyara. Ya taɓa nuna wa Hansai su wata Sallah, bayan ya sa ta wanke hannu har sau biyu kamar wadda za ta taɓa jariri.

"Ba zanen alƙalami ba ne," ya ce mata a lokacin. "Ni na ga yadda ake yi da idona. Allon katako ake sassaƙawa, kowane launi da nasa allon. A shafa launin, a kifa takarda, a murza da hannu, a ɗaga, a kai kan na gaba. Duba sararin samaniyar nan da kyau. Kin ga layi-layi? Jijiyar katakon ce ta fito."

Ta duba ta gani. Shuɗin ya fara da duhu daga sama yana sauka yana haske, kamar zanen da aka tsoma gefensa a marina. A ƙasa ga mutane 'yan ƙanana, duk a kan hanya suke. Masu kaya a baya, masu jan doki, masu gudun ruwan sama da malafa a ka, masu zama a rumfar mai shayi sun miƙe ƙafa. Ta ce, "Baba, mutanen nan ba sa zama a gida ne?"

"Shi ya sa na saya. Ina shiga shagon na ce, a'a, waɗannan ai mu ne."

Ashe shi ya jera su da kansa tun tuni, ya ba kowane hoto sunan wani zango a hanyar da ya bi, daga bakin teku ana komawa baya har gida. Hansai ba ta san haka ba sai da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a farkon sanyin 1991. Ciwon ya share masa Turanci tas, Turancin shekara talatin da uku, ya bar shi da Hausa zalla, ita ma a warwatse. Ka tambaye shi sunan garinsu ya yi ta lalube har gumi ya keto masa. Amma in aka ɗora masa hoton da ke sama a kan cinya, sai bakinsa ya buɗe, ya faɗi sunan wurin da abin da ya ci a can da wanda ya cuce shi. Washegari kuma na biye da shi. Kamar mai hadda ne, in ka yanko masa aya daga tsakiya ya tsaya, in ka bar shi ya ɗauko daga farkon sura ya zarce. Hoto ɗaya a rana yake iyawa, daga nan barci ya kwashe shi.

Ramatu tana son sunan don ta san inda ta fito. Hansai kuwa nata ya fi haka zafi. Lokacin da mahaifinta ya rasu a Gumel tana nan London, wasiƙar ta yi sati uku a hanya, ta yi kuka kamar ranta zai fita, amma dai an gaya mata. A ce mutum kamar Baba ya mutu a rasa ko gida ɗaya da za a aika a ce wane ya rasu, ku yi masa addu'a? Wannan abin ya tsaya mata a rai, ta ce in dai tana numfashi ba za a yi haka ba.

Saboda haka kullum da hantsi, in yara sun tafi makaranta, sai ta tsallaka da kunu da littafin rubutu na 'yarta Fatimah wanda ta yage shafukan lissafin. Ta ba shi kunu, ta goge masa baki, ta wanke hannu, ta ɗauko hoton ranar. Da la'asar Ramatu ta sauko daga bas ta taso daga makarantar da take koyarwa a Lewisham, Hansai ta karanta mata abin da aka samu tana juya mata shi da Turancinta na kasuwa.

Kuma wallahi kwanakin nan sun yi daɗi, duk da abin da ke tafe. Tsohon ya fi kowa jin daɗinsu. Hoton farko jiragen ruwa ne masu filafilai, ya ce Sawakin ke nan, inda ya fara ganin teku ya ɗebi ruwan da hannu biyu ya kurɓa don ƙishirwa, mutane suka yi ta dariya. Wani hoton mata biyu ne sun kama wani matafiyi, ɗaya ta riƙe kayansa ɗaya ta shaƙe shi da wuyan riga suna jansa cikin masauki. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Kasala! Haka suke, wallahi haka suke. Masu masaukin Kasala ko ba ka jin barci sai sun kwantar da kai."

Ranar da aka zo kan wani ƙauye da ƙanƙara ta rufe, rufin ɗakuna fari, itatuwa fari, mutum uku sun duƙa suna tafe, ya ce, "Wad Madani."

Hansai ta ajiye biro. "Haba Baba! Ƙanƙara a Sudan? Ni ban yi boko mai nisa ba, amma ban kai haka ba."

"Ke tafi can. Wa ya ce miki ƙanƙara ce? Auduga ce. Damina uku ina tsintarta, har a mafarki fari nake gani. Rubuta."

Ta rubuta tana dariya. Shi kuwa ya bi duƙaƙƙun mutanen da ɗan yatsa, ya ce na tsakiyar shi ne, don shi ne ya fi su ƙaramin buhu.

Sun ci hoto goma sha shida ranar da Amamata ta ja Hansai kicin. Amamata nas ce da ake turowa tana duba shi, mutuniyar Ghana, Hausar zangon Kumasi gare ta, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta. Ta rufe ƙofa ta ce, "Hajiya, kai ka ji ni da kyau. Baba ya daina ci, cokali biyu ba ci ba ne. Jikin ya gaji. Kwana bakwai nake gani. In Allah ya ƙara, goma."

"Saura hoto goma sha biyar."

"Ni ban san hoto ba. Jiki na sani."

Hansai ta koma flat ɗinta. Ta gwada ba Baba hoto biyu a rana, na biyun ko buɗe ido bai yi ba. Da Maharazu ya dawo aiki ta zuba masa abinci ta zauna ta zuba masa tagumi, har ya ajiye cokali.

"Faɗi abin da ke bakinki."

"Malam, in na cire bakwai daga tsakiya, saura takwas."

"Ki cire? Kin manta abin da Ramatu ta yi? Huɗu kuka rasa a lokacin. Yanzu in zaren ya tsinke babu kwanan komawa Sawakin. Kuma kayan mutum ne, Hansai, yana kwance ba ya iya hana ki."

"Na sani."

"To?"

"In ban cire ba a daji za a tsaya, wannan tabbas ne. In na cire, wataƙila."

Maharazu ya ture kwanon tuwonsa gefe. Can ya ce, "Ni ban ce ki yi ba." Ita kuwa ta san mijinta, ta san iyakar izinin da za ta samu ke nan.

Da safe Maharazu ya shiga ya yi wa tsohon alwala ya juya shi kafin ya tafi aiki, kamar kullum. Baba ya koma gyangyaɗi. Hansai ta durƙusa gaban akwatin, ta ƙirga bakwai daga sama a kife, ba ta ko leƙa fuskarsu ba don kunya, ta naɗe su a sabon zane ta tsallaka ta tura ƙasan adakarta. Tunda take ba ta taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, yau ga ta tana sanɗa a gidan mara lafiya da girmanta. Ta dawo ta zauna ta jira ya farka.

Hoton da ya hau sama babban kogi ne. Ƙattai tsirara sai ɗan bante suna ratsa ruwa da matafiya a kafaɗa, wasu sun ɗauko kaya a ka, can tsallake ga gari a gindin tsauni. Ta ɗora masa a cinya ta gyara masa tabarau.

Ya kalla. Ya ƙara kallo. Leɓensa ya motsa ba sauti. Sannan ya ɗago ya dubi akwatin, ya dube ta, idon nan tar kamar ba na mara lafiya ba.

"'Yar nan. Jiya a Ubayyid muka kwana."

"Haka ne, Baba."

"Daga Ubayyid ba a zuwa kogi."

Hansai ta shirya ƙarya kala uku tun asuba, duk suka gudu suka bar ta. Abin da ya fito mata, ita kanta ba ta san daga ina ya zo ba.

"Mota muka samu, Baba."

Bas ya wuce a ƙasa, tagar ta ɗan girgiza. Hansai ta ce a ranta shi ke nan, na kashe maganar da hannuna, yanzu zai ce wa ya kawo shi nan. Ya rufe ido. Sai ta ga kafaɗarsa tana motsi, ashe dariya yake yi, marar sauti.

"Mota," ya ce. "Ikon Allah. A gaba kika sa ni, ko a kan buhuna?"

"A gaba, Baba, kusa da direba. Ni ce a kan buhuna."

"Direban nan yana da gudu." Ya yi numfashi ya huta. "Wa ya ce a ɗauki mota?"

Ta sunkuyar da kai. "Amamata ta ce rana ta yi."

"Ta yi gaskiya. Ni ma na ji a jikina." Ya shafa gefen takardar da babban yatsa. "A cikin inda kuka wuce da ni akwai garin da na shekara bakwai. Na so in tsaya can in gaya miki wani abu."

"In ɗauko su? Suna nan kusa, wallahi yanzu sai in..."

"A'a. Mota ba ta komawa baya don mutum ɗaya. Bar shi." Ya mayar da ido kan kogin, ya sa yatsa a kan wani da aka ɗauko a kafaɗa ya ɗaga ƙafafu sama don tsoron ruwa. "Fallomi ke nan. Kogin Shari. Wannan ragon ni ne. Rubuta."

Ta rubuta, hawaye na ɗiga a kan littafin Fatimah. Daɗi da nauyi suka haɗu mata a lokaci guda, ta rasa wanne za ta ji.

Daga nan tafiya ta miƙe. Dikwa, inda aka sace masa takalmi a masallaci. Yarwa, inda wata Babarbariya ta ba su fura kyauta don ubansa ya yi mata rubutun sha. Damaturu, Fataskum, Azare. Muryarsa tana raguwa kullum, sai Hansai ta kai kunne kusa da bakinsa, amma fuskar nan sai ƙara sakewa take yi. Ya daina karɓar kunu gaba ɗaya, sai ruwa a cokali. A Fataskum hoton iska ce ta ɗauke wa wani hula yana binta da gudu hannu a miƙe, Baba ya ce bai tuna komai a garin ba sai tsadar gyaɗa, amma a bar shi ya kalli mutumin nan tukuna, bai taɓa gajiya da shi ba. Ramatu ta ɗauki hutu a wurin aiki ta dawo ɗakin da kwana. Ranar Kiyawa kalma biyu kawai ya iya faɗi, sunan garin da "an kusa."

Ranar Alhamis da hantsi rana ta leƙo, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba. Maharazu ya fasa zuwa aiki. Amamata tana tsaye bakin ƙofa da jakarta, ta gama abin da ya kawo ta amma ta ƙi tafiya. Hansai ta wanke hannu ta ɗauko hoton ƙarshe, wanda ya sa shi kuka makonni uku da suka wuce, ta miƙa wa Ramatu.

"Ke za ki riƙe masa."

"Anti, ina tsoro."

"Riƙe. Yau ta hanya muka zo."

Ƙauye ne ɗan ƙarami. Ɗakunan ciyawa biyar ko shida, hayaƙi na tashi daga ɗaya, wani babban itace ya sunkuyo kan rafi, an gitta gungume a matsayin gada. Babu matafiyi ko ɗaya a ciki, sai kaji da wata mata ta ba da baya tana shanya.

Baba Hambali ya kalla har Hansai ta fara jin tsoron ko idon ne kawai a buɗe. Sai ya ja numfashi.

"Ga ɗinyar nan," ya ce. "Ba a sare ta ba."

Babu wanda ya motsa.

"Rafin Ɗinya. Yamma da Kiyawa, tafiyar hantsi. Gidan Jalo baduku, na bayan masallaci." Ya huta. Biron Hansai yana gudu. "Ƙanwata Safura. Na bar ta tana koyon daka."

Daga nan sai ya manta da su duka. Ya ɗan ɗago kai daga matashi, ya dubi ɗakin mai hayaƙi, ya yi sallama da murya sosai, irin ta mutumin da ke tsaye a ƙofar zaure.

"Salamu alaikum."

Hansai ta buɗe baki za ta amsa, Ramatu ta riga ta. Wannan kam ta iya.

"Amin, alaikumus salam. Maraba, Baba. Sannu da zuwa. Sannu da hanya."

Ya juyo ya dube ta, ya yi murmushi da ɓarin fuskar da ke motsi. "Yawwa," ya ce. "A ba ni ruwa."

Ta ba shi cokali uku, ya shanye duka. Amamata ta juya ta fita kicin tana fyace hanci, tana cewa ita wannan aiki ya ishe ta.

Washegari Juma'a, wajen ƙarfe goma na safe, Maharazu yana gefensa yana maimaita kalmar shahada a hankali, leɓen tsohon yana bi, ya cika. Babu wata wahala, kamar mai gyangyaɗi bayan cin abinci. Mutanen masallaci suka zo aka yi masa sutura, aka kai shi. Hansai ta dafa shinkafa tukunya uku, 'yan Arewa na Woolwich da Lewisham suka cika flat biyu har matakala, wasu ma ba su taɓa ganinsa ba. Ta yi kuka, amma kukan mai sauƙi ne, ba irin na Gumel ba. Tun kafin a yi addu'ar uku ta sa Maharazu ya rubuta wasiƙa zuwa ga ƙanin shi Maharazun a Kano, da sunan gari da sunan gida, a kai wa dagaci hannu da hannu.

Wata huɗu shiru. Sai ga wani ɗalibi ya sauka daga Kano da kaset a cikin ambulan. Hansai ta kira Ramatu a waya, ta ce ta zo yanzu-yanzu ko da a tsakiyar darasi take. Suka zauna a kicin suka danna rediyo. Aka ji kukan awaki, wani namiji ya yi bayani mai tsawo, sannan wata tsohuwar murya ta matso.

"Ni ce Safura. An ce Yaya Hambali ne ya rasu. Ashe duk shekarun nan yana raye. Mu tun ina goyon fari muka yi masa sadaka, to, mun sake yi, an sauke masa Alƙur'ani a masallacin bayan gida. An ce ya bar 'ya. A ce mata ta zo in taɓa ta, idona ya tafi amma hannuna yana gani."

Hansai ta juya mata da Turanci. Ramatu ta sa aka maimaita har sau huɗu, tana dariya tana share ido, tana tambaya ko ana samun jirgin Kano lokacin hutun Ista.

Sai da suka natsu Hansai ta tashi ta shiga ɗaki, ta dawo da naɗaɗɗen zane. Ta goge tebur, ta wanke hannu, ta warware.

"Naki ne. Bakwai ɗin da muka wuce a mota."

Suka jera su a kan tebur. Ita ma yau ta fara ganinsu. Hanya a cikin duwatsu, kasuwar dawaki, wasu sun kewaye wuta suna jin ɗumi. Ramatu tana ɗaga kowanne tana tambaya, "Nan ina ne, Anti?" Hansai tana cewa, "Ban sani ba." Babu mai sani kuma, har abada, kuma ita ta jawo. Ta faɗi haka a fili, Ramatu ta dafa hannunta ta ce ai da ba a yi haka ba da babu kaset.

Na shida ya fi sauran laushi, gefensa ya yi duhu saboda yawan taɓawa. Ɗaki ne guda a bakin hanya, da 'yar gona a baya. Wani matafiyi ya riga ya yi nisa, bayansa kawai ake gani da sanda. A bakin ƙofa wata mata tana tsaye da yaro a hannu, yaron ya miƙa hannu wajen hanyar.

Hansai ta san nan ne garin shekara bakwai, ta kuma san abin da ya so ya gaya mata: ya bar iyali a can. Ta dubi Ramatu ta ga ita ma ta gane. Butar shayi ta tafasa ta kashe kanta, su biyun suna zaune, Ramatu ta ɗora ɗan yatsa a hankali kusa da hannun yaron.